Likitan Ƙasar da Ta Gaji: Labarin George Washington Carver

'Yan'uwa manoma, babu ɗan ƙungiyar gama kai da bai san gonar da ta gaji ba. Ƙasa ta yi fari ta yi tauri, dawa ta tsaya iyakar gwiwa, wuta-wuta ta cika kunya. Mai gona ya tsaya ya duba, ya ce ba abin da zai tashe ta sai buhun takin zamani, kuɗin buhun kuwa babu. Labarin da muka kawo muku a wannan fitowa na wani mutum ne da ya yi shekara 47 yana fama da wannan matsala a wata ƙasa mai nisa, a tsakanin manoma matalauta ƙwarai. Sunansa George Washington Carver, baƙar fata ne na Amurka, masanin kimiyyar noma. A makarantun ƙasarsu ana koya wa yara cewa shi ne mutumin da ya fitar da abubuwa wajen 300 daga cikin gyaɗa. Ya yi wannan kam, za mu kuwa zo kansa. Amma aikinsa da ya fi shafarmu shi ne yadda ya nuna wa talaka hanyar tayar da matacciyar gona da abin da ke kewaye da shi, da kuma abin da ya hana manoma da yawa bin shawararsa ko da yake sun ga amfaninta da idonsu.

AN FANSHE SHI DA DOKI

An haife shi cikin bauta wajen shekarar 1864, kusa da wani ƙauye mai suna Diamond a jihar Misuri. Uwarsa Mary baiwa ce. Wani manomi farar fata, Moses Carver, ya saye ta dala 700 a 1855. Lokacin haihuwarsa ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, ƙasar kuwa ta cika da mahara. Wani dare suka zo suka sace uwar da jaririn. Moses ya ɗauki wani mutum ya bi sawunsu. Mutumin ya dawo da jaririn kaɗai, yana fama da tari, uwar kuwa ba a ƙara jin labarinta ba har abada. Ladan da aka ba shi doki ne.

A 1865 aka soke bauta. Moses da matarsa Susan suka riƙe George da wansa James. Da yake yaron ba shi da ƙoshin lafiya, ba a sa shi aikin gona mai nauyi ba, sai ya tashi a gindin Susan yana koyon dafuwa da wanki da ɗinki da aikin lambu. In ya sami sarari sai ya shiga daji yana duba tsire-tsire, har maƙwabta suka riƙa kawo masa shuke-shukensu da suka yi yaushi, suna kiransa likitan tsiro.

Makarantar ƙauyen ba ta karɓar baƙaƙen yara. Saboda haka tun yana ɗan shekara goma sha wani abu ya bar gida ya tafi garin Neosho inda akwai makarantar baƙaƙe, ya zauna wurin wata ungozoma, Mariah Watkins. Daga nan sai yawon neman ilmi gari-gari cikin jihar Kansas, yana wanki da guga da aikin kuku yana ciyar da kansa. A garin Fort Scott, a 1879, ya ga taron fararen fata sun kashe wani baƙar fata a fili, nan da nan ya bar garin. Wata kwaleji a garin Highland ta karɓe shi ta wasiƙa, amma da ya iso suka ga launin fatarsa sai suka juya shi. Ya je ya kama fili a yammacin Kansas ya yi noma na 'yan shekaru, a ƙasa mai ƙarancin ruwa.

Sai a 1890 ya sami shiga Kwalejin Simpson ta 'yan Methodist a jihar Ayowa, ya kama koyon zanen hoto da kiɗa. Malamarsa ta zane, Etta Budd, ta lura ba abin da yake zanawa kamar furanni da ganyaye, ta kuma san zane ba zai ciyar da baƙar fata ba a wancan zamani. Ita ta ba shi shawara ya koma kwalejin aikin gona ta jihar a garin Ames. Ya shiga a 1891, shi ne baƙar fata na farko a can. Ya sami digirin farko a 1894, na biyu a 1896, ya ƙware a kan cututtukan tsire-tsire, har kwalejin ta ɗauke shi aiki.

Ga shi nan ya sami wurin zama mai kyau bayan wahalar shekara ashirin. A wannan shekara ta 1896 wasiƙa ta zo masa daga Booker T. Washington, shugaban makarantar Tuskegee ta baƙaƙen fata a jihar Alabama, can kudancin ƙasar, yana roƙonsa ya zo ya kafa sashen aikin gona. Ya tattara kayansa ya tafi.

ƘASAR AUDUGA

Abin da ya tarar a Alabama shi ne auduga, daga bakin ƙofa har iyakar ganin ido. Shekara da shekaru ana shuka ta a fili ɗaya ba hutu, ba taki. Ƙasa ta tsotse, ruwan sama ya kwashe ta sama, kwazazzabai suka tsattsage gonaki. Manomi ba shi da lambu, sau da yawa ba saniya ba kaji. Abincinsa garin masara ne da kitsen alade da ruwan rake mai kauri, kullum, safe da dare. Saboda haka cutar rashin abinci mai gina jiki ta yi yawa a cikinsu.

Makarantar ma ba ta da kayan aiki. Carver ya ɗebi ɗalibansa suka bi juji suna tsintar kwalabe da gwangwani da tsofaffin fitilu, da su ya haɗa ɗakin gwaje-gwajensa na farko. A 1897 gwamnatin jihar ta yarda a buɗe gonar gwaji a makarantar, fili ne kamar eka 10, ƙasarsa kuwa matacciya ce irin ta maƙwabta. Wannan ya yi wa Carver daidai, gama abin da ya yi a can ba wanda zai ce don ƙasar mai kyau ce.

A nan ya kamata mu tsaya mu duba dabararsa sosai. A wancan lokaci masana aikin gona da yawa suna cewa manomi ya sayi takin zamani da sababbin injuna. Da fari Carver ma ya gwada takin zamani a gonar gwaji, ya kuwa ga yana aiki. Amma ya lura mutanen da ya zo dominsu ba su da kuɗin saye, in kuwa sun karɓa bashi, takin zai ƙara musu nauyin da ke wuyansu. Sai ya juya tambayar: me talaka yake da shi wanda ba sai ya saya ba? Yana da ganyayen da ke zuba a daji. Yana da baƙar laka ta fadama. Yana da toka, da kashin dabbobi, da sharar gida, da ciyawa. Ya koya musu su tara waɗannan hawa-hawa su ruɓe, su kai gona. Ya yi faɗa ƙwarai da al'adar ƙone kara da ciyawa bayan girbi, domin a ganinsa mai yin haka abincin gonarsa yake ƙonewa. Ya ce a yi huɗa mai zurfi, a bi kwancin tudu da kunya yadda ruwa ba zai sami hanyar gudu ba, kada kuma a bar ƙasa tsirara ruwa ya yi ta dukanta.

Babban maganinsa shi ne juya shuka. Bana auduga, baɗi wake ko gyaɗa ko waken soya, sa'an nan dankali, watau lawur, ko masara. Ga dalili. Duk tsiro yana bukatar wani sinadari da ake kira naitirojin, shi ne abin da muke biyan kuɗi dominsa sa'ad da muka sayi yuriya. Auduga da masara da dawa cinsa suke yi daga ƙasa ba su mayarwa. Iskar da muke shaƙa kuwa cike take da shi, kusan kashi huɗu cikin biyar, amma tsiro ba ya iya ɗaukarsa daga iska kai tsaye. In ka tuge gyaɗa ko wake ka duba saiwar da kyau, za ka ga waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙuraje. Ba cuta ba ce. A cikinsu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke kama naitirojin na iska su mai da shi abincin tsiro. In ka fasa ƙullin ka ga cikinsa ja-ja, to aiki suke yi.

Ba Carver ne ya gano wannan ba. Waɗansu masana biyu a Jamus, Hellriegel da Wilfarth, su suka tabbatar da shi wajen 1886, kakanninmu kuwa da suke shuka wake a tsakanin gero sun san amfaninsa tun kafin a ba shi suna. Waken ma daga Afirka ya je Amurka a zamanin cinikin bayi. Gyaɗa asalinta Amurka ta Kudu ce, Turawan Fotugal suka kawo ta Afirka, daga nan ta sake haye teku zuwa Amurka ta Arewa tare da bayi. Aikin Carver shi ne ya ɗauki abin da ke kwance cikin littattafan masana ya gwada shi a matacciyar ƙasar Alabama shekara bayan shekara, ya kai shi ƙofar manomin da bai iya karatu ba.

Bari mu ƙara wani abu da ya shafe mu. Yawancin naitirojin da gyaɗa ta kama yana cikin 'ya'yanta da ganyenta. In ka tuge ta ka kwashe 'ya'ya ka ɗaure harawa ka kai kasuwa, kaɗan ka bar wa gonar. Harawa ta dabbobi ce, ba mu ce a hana su ba, amma sai kashinsu ya komo gonar da harawar ta fito kafin a ce an biya ta bashinta. Shi ya sa Carver bai taɓa raba maganar juya shuka da maganar taki da kiwo ba.

MAKARANTA A KAN KEKE

Ta yaya za a kai wannan ilmi ga mutanen da ke nesa da gari? Hanya ta farko 'yan ƙananan littattafai ne, ya rubuta 44 a rayuwarsa, ana rabawa kyauta. Na farko, a 1898, a kan ciyar da dabbobi ne da 'ya'yan wani babban itace da ke zuba a banza cikin dazukansu. Akwai na wake, na dankali, na tumatir, na kiwon kaji, na adana nama, da na tayar da ƙasar da ta gaji. Ya kan raba kowane littafi yadda kowa zai sami nasa: yadda ake shukawa domin maigida, yadda ake dafawa da adanawa domin uwargida, da ɗan bayanin kimiyya domin malamin makaranta. Wannan dabara ce mai kyau. Ya gane ba amfani a ce wa mutum ya shuka wake alhali iyalinsa ba su saba cinsa ba, kasuwa kuma ba ta saye. Littafinsa da ya fi shahara ya fito a 1916, a kan yadda ake noman gyaɗa da hanyoyi 105 na sarrafa ta domin ci.

Hanya ta biyu taron manoma ne kowane wata a makarantar, inda suke zagaya gonar gwaji su ga bambanci da idonsu. Ran Lahadi kuwa ya kan bi majami'un ƙauyuka, bayan an tashi sujada ya tsaya a waje da kayansa yana nunawa.

Hanya ta uku ita ce wadda aka fi kwaikwaya. A 1906 makarantar ta ƙera wani keke da dabbobi ke ja, bisa ga tsarin da Carver ya zana, da kuɗin wani attajiri mai suna Morris Jesup. Aka loda masa garma, da iri, da kayan kaɗa nono, da hotunan koyarwa. Sai a zaɓi gidan wani manomi, a kira maƙwabta, a yi aikin a gonarsa da ƙasarsa: a yi huɗa, a tara taki, a gyara akurkin kaji, mata kuma a nuna musu yadda ake adana kayan lambu. Wanda ya riƙe keken shi ne Thomas Campbell, wanda ya yi karatu a Tuskegee, shi ne kuwa baƙar fata na farko da gwamnatin Amurka ta ɗauka malamin gona. Shi wannan Campbell ya zo Afirka ta Yamma daga baya tare da waɗansu mutum biyu domin duba aikin gona da makarantun karkara, rahotonsu ya fito a 1945.

Kada a ɗauka komai lafiya lau yake a makarantar. Carver gwanin koyarwa ne da bincike, amma ba gwanin riƙon ofis ba. Shi da Washington sun sha saɓani a kan lissafin kaji da kuɗin kayan aiki, ya yi barazanar barin aiki ba sau ɗaya ba. A 1910 aka karɓe sashen gona daga hannunsa aka bar masa bincike da gonar gwaji.

ƘWARON DA AKA GINA WA GUNKI

Abin da wa'azin Carver bai iya yi ba, wani ɗan ƙwaro ya yi. Ƙwaro ne mai dogon baki, yana huda ƙwallon auduga ya zuba ƙwai, tsutsarsa ta cinye ciki. Ya shigo Amurka daga Meziko wajen 1892, ya isa Alabama a 1910. Inda ya sauka, manomin da ya dogara ga auduga kaɗai ya tashi ba ko anini. A wani yanki na kudancin Alabama 'yan kasuwa da manoma suka koma gyaɗa, kafin 1917 kuwa yankin ya fi kowane yanki a ƙasar noman gyaɗa. Mutanen garin Enterprise suka ji daɗi har suka gina wa ƙwaron abin tunawa a tsakiyar gari a 1919, wai shi ya tilasta musu barin dogara ga abu ɗaya.

Mu kuwa tarihinmu ya bi ta bayan wannan. Sa'ad da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, Turawa auduga suke so, manoma suka zaɓi gyaɗa domin ta fi kuɗi, ana kuma iya cinta in kasuwa ta faɗi. Aka yi ta nomanta har aka gina dalar gyaɗa. Sai ga fari a farkon shekarun 1970, sai ga cutar kuturun gyaɗa a 1975 ta share gonaki. Abin da ya ceci mutanen Alabama shi ne ya zama namu abu ɗaya da muka jingina a kai. Ba gyaɗa Carver yake wa'azi ba, yawan kala yake wa'azi.

Da gyaɗa ta yi yawa a Amurka sai ga matsalar kasuwa, ga kuma gyaɗa mai araha tana shigowa daga ƙasashen Asiya. Ƙungiyar masu gyaɗa suka roƙi Carver ya je majalisar dokoki ya yi magana a madadinsu. A watan Janairu na 1921 ya tsaya gaban kwamitin haraji. Aka ba shi minti 10, waɗansu 'yan majalisa ma suka fara da yi masa ba'a. Ya buɗe akwatinsa ya shiga fitar da madarar gyaɗa, da alewa, da gari, da rini, da abincin dabbobi, yana bayani. Suka yi ta ƙara masa lokaci. A 1922 aka sa wa gyaɗar waje haraji. Daga ranar nan jaridu suka ɗauke shi, sunansa ya cika ƙasar.

To, a nan ne labarin abubuwa 300 ya fito, da waɗansu fiye da 100 daga dankali. Ya kamata a faɗi gaskiyarsa. Da yawa cikinsu hanyoyin dafuwa ne, waɗansu ma shi da kansa ya faɗa cewa daga wurin waɗansu ya samo. Bai cika rubuta yadda ya haɗa abubuwansa ba, saboda haka da wuya wani ya maimaita su. Takardun mallakar ƙirƙira uku kaɗai ya karɓa, ɗaya ta man shafawa daga gyaɗa, biyu na fenti daga yumɓu, a 1925 da 1927, ba wadda ta kawo kuɗi. Niƙaƙƙiyar gyaɗar nan da Turawa ke shafa wa burodi, wadda ake yawan cewa shi ya ƙago, waɗansu sun riga shi karɓar takarda a kanta tun 1884. Uwargidan da ke soya gyaɗa ta niƙa ta matse mai ta yi ƙuli-ƙuli da tunkuzar ma ba za ta ga abin mamaki a ciki ba. A shekarun 1930 ya yi ta shafa wa masu shan-inna man gyaɗa, jama'a suka yi ta zuwa suna tsammani an sami magani. Likitoci suka duba suka ga tausar ce ke taimakon tsoka, man ba ya warkar da cutar.

Amma in ka dubi abin da ya sa ya fara waɗannan gwaje-gwaje, za ka ga hankali a ciki. Fentin yumɓu domin talaka ya shafe ɗakinsa ne ba tare da ya je kanti ba. Garin dankali domin ya rage sayen garin alkama ne. Kowane abu da iyali suka yi da hannunsu, abu ɗaya ne ya ragu daga littafin bashin mai kanti.

IN BA KA DA GONA

Littafin bashin nan shi ne dutsen da garmar Carver ta kasa fasawa, ya kuwa kamata kowace ƙungiya ta lura da wannan sashe.

Sa'ad da aka 'yanta bayi a 1865 ba a ba su ƙasa ba. Gonakin suna hannun iyayengijinsu na dā. Sai aka shiga wani tsari: mai ƙasa ya ba ka fili da alfadari da iri, ka noma, da kaka ya ɗauki rabi. Kafin kaka kuwa sai ka ci abinci, sai ka je wurin mai kanti, sau da yawa shi ne mai ƙasar, ya ba ka gari da nama bashi da ruwa mai tsanani, amfanin da ke gona ya zama jingina bisa doka. Mai ba da bashi ba ya son wake ko dankali. Auduga yake so, domin ba ta ruɓa, ba ka iya cinye ta a ɓoye, kullum kuma tana da mai saye. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Da kaka a yi lissafi, littafin yana hannun mai kanti, a ce maka har yanzu ana binka. Baƙar fatar da ya yi gardamar lissafi da farar fata a Alabama ta wancan zamani, ransa ne ya sa a kasada.

Yanzu sa kanka a matsayin wannan manomi, ga keken Tuskegee ya zo an nuna maka takin ganye. Ka gani, ka yarda. Amma tayar da gona aikin shekara uku ne ko huɗu. In ka yi wahala ka gyara ta, mai ƙasa ya iya ƙara maka haya ko ya karɓe ta ya ba wani. Ko da ka so ka shuka wake a rabin filin, an riga an rubuta auduga. A ƙidayar 1920 akwai baƙaƙen manoma fiye da 900,000 a Amurka, wajen kashi uku cikin huɗu kuwa a ƙasar wani suke noma. Waɗanda suka fi cin moriyar koyarwar Carver su ne 'yan tsirarun da ke da gonar kansu. Na sauran, da yawa sun bar noma sun tafi biranen arewa neman aikin masana'antu.

Carver ya san haka. Ya yi ta roƙon manoma su riƙa ajiye ɗan abin da suka samu domin su sayi ko da eka kaɗan, makarantar kuma ta goyi bayan waɗansu shirye-shirye na sayen fili a sayar wa baƙaƙe kaɗan-kaɗan. Amma shi mutum ne mai gudun siyasa, bai fito fili ya yi yaƙi da tsarin ba, ajiyar talaka shi kaɗai kuwa ba ta iya karya dokar jingina. Waɗansu marubuta sun zarge shi da yin shiru, suna cewa fararen fata sun so shi ne domin ba ya tayar da ƙura. Akwai gaskiya a ciki, sai dai mu tuna yaron da ya ga abin da ya gani a Fort Scott. Abin da ya rage a aikinsa waɗansu ne suka ɗauka bayansa, ta hanyar haɗa kai. A 1967 ƙungiyoyin gama kai 22, yawancinsu na baƙaƙen manoma, suka haɗu suka kafa tarayya ta jihohin kudu, domin su sayi kayan noma tare, su sayar tare, su ba juna rance, su kuma hana gonakinsu fita daga hannunsu. Wurin horar da manomansu a Alabama suka kafa shi.

KWANAKIN ƘARSHE

Carver bai taɓa aure ba. A ɗaki ya zauna cikin makarantar, yana yawo da tsohuwar kwat, kullum da fure a maƙale a ƙirjinsa. Ya kan tashi da asuba ya shiga daji yana addu'a yana tattara tsire-tsire. Ɗalibai suka roƙe shi ya buɗe musu ajin Littafi Mai Tsarki, ya riƙe shi kowace Lahadi da yamma shekaru masu yawa, ya kan zo da tsiro ko dutse a hannu ya yi bayanin halitta da shi. A wurinsa binciken kimiyya hanya ce ta sanin aikin Mahalicci. Da ya faɗi haka a wani taro a 1924, wata babbar jarida ta yi masa ca, wai masana ba sa magana haka. Bai janye ba.

Girma ya zo masa daga wurare da yawa. Ƙungiyar kare hakkin baƙaƙen fata ta ba shi lambar Spingarn a 1923. Henry Ford mai kamfanin motoci ya zama abokinsa, har ya sa aka yi masa na'urar hawa bene sa'ad da ƙarfinsa ya ragu. Albashinsa kuwa bai cika taɓa shi ba. A 1940 ya kafa asusu domin a ci gaba da binciken aikin gona a Tuskegee, abin da ya zuba a ciki gaba ɗaya ya kai wajen dala 60,000, watau ajiyar rayuwarsa duka.

Ya faɗi a matakala cikin tsufansa, bai kuwa ƙara samun ƙarfi ba. Ya rasu ran 5 ga Janairu, 1943, aka binne shi a makarantar kusa da Booker T. Washington. A wannan shekara gwamnati ta mai da gonar da aka haife shi a Misuri wurin tarihi na ƙasa, karo na farko ke nan da aka yi wa baƙar fata haka. Ɗan littafinsa na 44, wanda ya shirya tare da mataimakinsa Austin Curtis, shi ma a 1943 ya fito, a kan gyaɗa.